Gem ɗin Japan da zancen kunya: kowa da inda ya kafa iyakarsa

Abban Sultan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo shi nan ko masu sani za su warware min.

Waɗanda suka san ni sun san ina da ɗan gidan gem a unguwarmu, talabijin biyar. Kusan duk abin da yara ke bugawa ƙwallo ne, sai Mortal Kombat da GTA. Makon jiya na kai PS4 ɗaya wajen mai loda gem ya cika min ita, ban tsaya duba abin da ya zuba ba. Ranar Asabar bayan la'asar sai na ji kusurwar da take ta yi tsit. Duk wanda ya taɓa zaman gidan gem ya san shiru ba alheri ba ne. Yara wajen shida, babbansu bai wuce shekara 14 ba, sun dunƙule a gaban talabijin, ko mai cewa "ba ni hannu" babu. Da na leƙa, wani gem ne wai shi Senran Kagura Estival Versus. 'Yan mata ne na zane, 'yan makarantar koyon ninja, suna faɗa, duk wadda ta sha duka sai kayan jikinta su yayyage, kyamara kuma ta bi ta tsaya inda bai kamata ba. Na kashe, na sallami kowa, a daren na goge shi.

Da na zauna na bincika sai kaina ya ƙara ɗaurewa. Na zaci irin abin nan ne da ake yi a ɓoye. Ashe kamfani ne sananne, Marvelous, ya fitar da shi a 2015, kuma a kanti ake sayar da shi a Japan ga ɗan shekara 17. Wannan Japan ɗin kuma ba a sayar da Mortal Kombat 11 a cikinta, sannan a 2022 an fasa fitar da The Callisto Protocol a can saboda jini da yanke-yanken gaɓoɓi sun yi yawa. To wace irin kunya ce wannan? Jini ya zama abin ƙyama, jikin 'yar mutane ya zama abin wasa?

Mubarak Osaka:
Wa alaikumus salam Yaya. Shekarata ta huɗu ke nan a nan Japan, kuma tambayar nan ni ma na yi wa kaina ita. Amma akwai gyara kaɗan: Japan ba ta bar tsiraici a buɗe ba, ta fi ma Turawa tsanani a wani fannin.

Hukumar da ke tantance gem ɗin PlayStation da Nintendo a nan sunanta CERO, an kafa ta a 2002. Matakanta biyar: A na kowa, B daga shekara 12, C daga 15, D daga 17, sai Z daga 18. To ko a matakin Z ɗin ba a yarda a nuna al'aura ko saduwa ƙarara ba. Shi ya sa The Witcher 3 da Cyberpunk 2077, waɗanda 'yan Poland suka yi, da aka kawo su nan sai da aka sa wa mutanen ciki sutura a wuraren da Bature ke ganinsu tsirara. Haka aka yi wa Baldur's Gate 3 a 2023. Asalin abin yana komawa ga sashe na 175 na dokar laifuffukan ƙasar, wadda take tun 1907, da ta haramta yaɗa batsa. Har finafinan manya a nan sai an dusashe wurin.

Abin da masu gem irin wanda ka gani suke yi shi ne su tsaya daidai bakin iyakar, su yi ta kewayawa. Ba su nuna abin da doka ta hana ba, amma duk abin da ke kusa da shi sun nuna: kayan ninkaya, riga ta yage, hayaƙi ko haske ya rufe ɗan wuri. Hukuma tana auna abin da ido ya gani ne, ba ta auna niyyar mai kyamara.

Zancen jini kuwa, matakin Z ɗin ma saboda shi aka ƙirƙiro. A 2005 gundumar Kanagawa ta ayyana GTA III a matsayin abu mai cutar da matasa, shekara ta zagayo, a 2006, aka fito da Z.

Sadiq Ɗan Birni:
Yawwa. Kuma a juya a kalli Amurka a ga ko su ma sun fi. Hukumarsu ESRB an kafa ta ne a 1994 bayan majalisar dattawa ta yi zama a kan Mortal Kombat da Night Trap. Amma ku tuna abin da ya faru da GTA San Andreas a 2005. Gem ne da kake harbe ɗan sanda, ka take mai tafiya da mota, duk wannan matakin 'yan 17 aka ba shi. Da aka gano wani ɓoyayyen wuri na kwanciya a cikinsa, cikin 'yan makonni aka mayar da shi na manya zalla, manyan kantuna suka kwashe shi daga kan kanta. Kisa bai tayar musu da hankali ba, wannan ne ya tayar. Ni a ganina kowa da abin da ya saba gani, ba wanda ya fi wani tsarki.

Abban Sultan:
Sadiq ka taɓo ni a nan, don GTA ɗin yana kan duka injinana, ban taɓa jin komai ba.

Maman Ilham:
Ku yi haƙuri in shigo. Ni malamar sakandare ce, 'yan aji uku nake koyarwa. Duk wannan bayanin na CERO da ESRB na ji, amma akwai kalma ɗaya a saƙon Abban Sultan da kowa ya tsallake: 'yan makaranta. Shekarun 'yan matan nan nawa a cikin labarin? Ni wannan ne ya hana ni wucewa. Idan babbar mace ce aka zana da kayan banza, za mu ce rashin tarbiyya ne, al'adarsu daban tamu daban. Amma yarinya mai kayan makaranta, sa'ar waɗanda nake kiran sunansu kullum da safe? Wannan ba na jin kalmar al'ada za ta iya ɗaukarsa.

Mubarak Osaka:
Anti, kin kama jijiyar maganar. Yawancin rigimar da ake yi tsakanin kamfanonin Japan da masu sayarwa a Turai da Amurka a kan shekaru ne.

A Bravely Default an ƙara wa wasu jarumai shekaru daga 15 zuwa 18 kafin a kai shi Turai, aka ƙara musu yadi a kaya. A Xenoblade Chronicles X na 2015 akwai yarinya mai suna Lin, shekararta 13 a labarin, Nintendo ta canza wasu kayanta a na ƙasashen waje. A Tokyo Mirage Sessions na 2016 ma an mayar da 'yan 17 sun zama 18. Wanda ya fi ƙamari shi ne Omega Labyrinth Z. A Japan an sayar da shi, amma a 2018 hukumar Birtaniya ta ƙi ba shi kowane mataki, ta ce yana nuna waɗanda suka yi kama da yara ta fuskar sha'awa. Jamus da Ostireliya ma suka ƙi, daga baya Sony ta hana fitar da shi a yammacin duniya gaba ɗaya.

Bambancin doka ne a ƙasan abin. Birtaniya tun dokar 2009 ta haɗa har da zane. Japan kuwa, da ta haramta mallakar hotunan batsa na yara a 2014, ta cire zanen manga (littattafansu na labari cikin zane) da katun da gem daga ciki.

Maman Ilham:
To ai canza lamba ba canza yarinya ba ne. Ka rubuta 18 a ƙasan hoto, fuska da jiki da murya suna nan yadda suke. Wannan ai rufa ido ne, su ma Turawan da suka karɓa a haka ba su yi komai ba.

Sadiq Ɗan Birni:
Anti, da girmamawa, bari in faɗi hujjar ɗaya ɓangaren, don ba mahaukata ba ne. Suna cewa zane ba mutum ba ne, ba yarinyar da aka tsayar gaban kyamara, ba wadda aka cuta. Kuma salon zanensu haka yake, manyan idanu, ƙaramin hanci, har mai shekara 30 sai ka ga kamar ƙaramar yarinya. Suna tsoron idan aka ba hukuma wuƙar yanke zane, ba za ta tsaya a nan ba. Wannan ra'ayin yana da ƙarfi a can har wani mai zanen manga, Ken Akamatsu, ya ci kujerar majalisar dattawansu a 2022 da ƙuri'a sama da 500,000, kuma kare 'yancin masu zane shi ne babban abin da ya yi kamfe da shi.

Abin da ni ya fi ba ni haushi ma wani ne. A 2016 Sony ta mayar da hedikwatar PlayStation zuwa San Mateo a Kalifoniya. Daga wajen 2018 sai ta fara matsa wa ƙananan kamfanonin Japan, har a gem ɗin da a Japan kaɗai za a sayar. An cire wani sashe daga Senran Kagura Burst Re:Newal a PS4 na ƙasashen yamma, amma a kwamfuta aka bar shi. Wanda ya ƙirƙiri Senran Kagura ɗin, Kenichiro Takaki, ya bar Marvelous a 2019. Sai kuma masu katin banki: a 2024 kantin intanet na Japan mai suna DLsite ya daina karɓar Visa da Mastercard, a watan Yuli na 2025 kuma Steam, kantin gem ɗin kwamfuta na intanet, ya sauke ɗimbin gem saboda matsin kamfanonin biyan kuɗi. Ba majalisar Japan ce ta yanke ba, ba kotunsu ba. Wasu ne a wata ƙasa suke cewa ga abin da za ku gani. Mu da muke kukan Turawa suna cusa mana al'adarsu ta finafinai, ya kamata mu gane zafin wannan.

Maman Ilham:
Ƙanena, zancen cusa al'ada na yarda da kai, kuma ina jin tsoron ranar da kamfanin kati zai ce ba za a sayi littafin addini da katinsa ba. Amma "ba wadda aka cuta" ɗin nan ba zan karɓa ba. Yaran nan shida da suka yi tsit a shagon Abban Sultan fa? Ranar Litinin aji za su shiga, su zauna bayan 'yan mata masu irin wannan shekarun. Ni nake ganin yadda kallon yaro yake canzawa tsakanin aji biyu da aji uku. Zane ba ya jin ciwo, gaskiya ne, amma ido yana koyon inda zai sauka.

Nafisa Maradi:
Sannunku. Ina karantawa tun ɗazu, kuma akwai abin da ban ji daɗinsa ba: ana ta cewa "Japan ta ce", "al'adarsu ce", kamar mutum miliyan 120 da ɗoriya bakinsu ɗaya. Kuma kamar maza ne kaɗai ke buga gem a can.

Ni gem ɗin Japan nake bugawa tun ina jami'a, amma na mata, waɗanda ake kira otome. Na farkonsu, Angelique, ya fito a 1994 daga kamfanin Koei, kuma ƙungiyar mata ce ta yi shi ƙarƙashin Keiko Erikawa. Labarin soyayya ne kake karantawa kana zaɓar amsa, kusan irin littattafanmu na soyayya. A unguwar Ikebukuro ta Tokiyo akwai layi guda na kantunan irin waɗannan kaya, mata ne ke cika shi. A cikinsu akwai masu tsabta, akwai kuma waɗanda maza ake tuɓewa, ba na musu. Kenan mai zanen da mai sayen ba kullum namiji ba ne.

Sannan su kansu suna faɗa a kan abin. A 2019 Red Cross ta Japan ta yi fostar neman gudunmawar jini da zanen wata yarinya mai cikar ƙirji, ƙasar ta ɗauki zafi. Mata lauyoyi da malaman jami'a suka ce bai dace da bainar jama'a ba, wasu mata masu zane suka ce kar a ce jikin mace shi kansa laifi ne. Kuma a 2023 sun ɗaga shekarun da doka ta yarda mutum ya amince da saduwa daga 13 zuwa 16 bayan matan ƙasar sun daɗe suna fafutuka. Duk wanda ya ce maka "ai al'adarsu ce, ba ruwansu", ya share muryar waɗannan matan.

Ni abin da nake dubawa a gem ba yawan yadi ba ne. Ina duba me ake ba mai wasa lada a kansa. Idan ladan cin faɗa shi ne ka ga an kunyata yarinya tana kare jikinta tana kuka, wannan gem ɗin yana koyar da wani abu, ko da ba a ga komai ba.

Mubarak Osaka:
Nafisa ta yi gaskiya. Bari in ba ku abin da na gani da idona. A nan Osaka akwai unguwar Nipponbashi, ita ce kasuwar gem da katun. Ka shiga kanti, hawa na ɗaya da na biyu Mario ne da Pokemon, iyaye da yara. Ka hau sama sai ka tarar da labule rataye a ƙofa, an rubuta 18 da alamar hani. Bayan labulen nan gem ɗin kwamfuta ne na manya, waɗanda ba CERO ke duba su ba, wata ƙungiya ce ta daban da aka kafa tun 1992. Ba mai ɗaga murya a wurin, ba mai haɗa ido da wani, in mutum ya saya a baƙar leda ake sa masa. Wannan ai kunya ce. Sai dai kunyarsu ta wuri ce: abu yana da ɗakinsa, kar ya fito, kar ka dame wani da shi. Tamu kuma ta abin ce kansa, ko a ɗaki kai kaɗai haramun haramun ne.

Abokan karatuna a ɗakin bincike, da na tambaye su Senran Kagura, biyu ba su taɓa jin sunan ba, na ukun ya yi dariyar jin nauyi ya canza magana. Ƙaramar kasuwa ce ta masu abin. Matsalar gem irin na matakin D ita ce sun tsallako labulen sun zauna a kanta ɗaya da sauran.

Sadiq Ɗan Birni:
Kuma wani abin, masu kamfanin da kansu sun san bambancin. Dead or Alive Xtreme 3 na 2016, Koei Tecmo ba ta ma kai shi Amurka da Turai ba, a Asiya kawai ta sayar. Turawan da ke so suka riƙa oda daga Hong Kong. Fate/stay night ma a 2004 gem ɗin manya ne na kwamfuta, da za a kai shi PS2 a 2007 aka cire wuraren, labarin bai rage komai ba, ya ma fi karɓuwa.

Nafisa Maradi:
To ka ga wannan misalin naka ai hujjar Anti ce. In an cire kuma labari bai ragu ba, me ya kawo shi tun farko in ba kasuwa ba?

Sadiq Ɗan Birni:
A wannan ɗin na yarda. Amma su suka cire da hannunsu, ba wani ya tilasta musu daga waje ba. Nan ne nake tsaye.

Malam Habu:
Allah ya yi muku albarka, na ƙaru. Hukuncin kallon irin wannan a wurinmu ba ɓoyayye ba ne, an umarci mumini da runtse ido, kuma ba a ce sai in mutum ne na gaske ba. Ba wannan nake son tsayawa a kai ba.

Ku lura, ɗan Japan yana da labule. Ba'amurke yana da harafi a bayan kwali da mai kanti da zai tambayi shekaru. Saudiyya tana da hukumarta, ta hana Final Fantasy XVI shiga a 2023. Mu da muka fi kowa zancen kunya, me muke da shi a kan gem? A Kano akwai hukumar tace finafinai tun 2001, an yi shekaru ana kai ruwa rana a kan rawa da waƙa a fim ɗin Hausa, alhali abin da ya ninka wannan yana shigowa a faifai ɗaya ba wanda ya buɗe. Gem ɗin da aka yi wa ɗan 17 a ƙasar da ba ta kai mu tsanani ba, ɗan 12 ne ke buga shi a nan da naira ɗari. Ina ganin kafin mu tuhumi kunyar Japan, Abban Sultan, tamu ce ta bar ƙofa a buɗe.

Isiyaku Mai Tura:
Malam, tunda an zo kanmu bari in yi magana, don sana'ata ce, duk da ba ni na loda wa Abban Sultan ba. Gaskiya ba ma dubawa. Faifan da nake kwafa daga ciki ni ma a cike na saye shi, gem sun fi ɗari uku, rabinsu ban san sunansu ba. Mutum ya ce cika min, sai in bi girman wurin da ya rage in yi ta zubawa. In na ga hoton katun sai in ce na yara ne, har daɗi nake ji na sa wa yara abinsu. Wallahi sai yau na san katun ɗin Japan ba duka na yara ba ne. Kwali kuma ba mu taɓa gani ba balle harafin da ke kansa.

Mubarak, in akwai yadda ake ganewa tun kafin a buɗe, ka koya min.

Mubarak Osaka:
Akwai, Malam Isiyaku. Ka rubuta sunan gem ɗin a Google ka duba hoton kwalinsa, a ƙasa ta hagu. Na Japan harafi ne, kuma a gefen kwalin kowane da launinsa: A baƙi, B kore, C shuɗi, D ruwan lemo, Z ja. Na Amurka in ka ga M na 'yan 17 ne, na Turai lamba ce kai tsaye, 16 ko 18. A shafin ESRB suna rubuta dalilin da ya sa aka ba gem matakinsa, a nan za ka gane ko jini ne ko ɗaya abin. Sai dai ka kula, C da D na Japan su ne suka fi yaudara, don hotonsu ya fi kama da na yara.

Maman Ilham:
A wayoyi fa? Nawa ɗaliban ba gidan gem suke zuwa ba, a waya suke yi.

Isiyaku Mai Tura:
Anti wannan ma mu ne. Akwai manhajar PPSSPP da ke buga tsofaffin gem ɗin PSP a waya, su ma a dunƙule muke turawa. Yau da dare zan zauna in bi su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda na cire zan kawo sunayensu nan.

Abban Sultan:
Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Na bi injinan nan biyar jiya, na sake samun guda biyu na goge. GTA ɗin ma na mayar da shi inji ɗaya na kusa da kujerata, yara ƙanana ba sa hawa.

Amma ga wata sabuwa. Ɗazu ɗaya daga cikin yaran ranar Asabar ya zo, ya tsaya yana murza hularsa, ya ce "Baba ina gem ɗin nan?" Na ce na goge, kuma ba zai dawo ba. Sai ya ce ai gidan gem na layin baya suna da shi, can sauran suka koma. Mai wurin ya girme ni nesa, kuma kun san yadda za a ɗauki maganar in ta fito daga bakin abokin sana'a, za a ce kishin ciniki ne. Na tabbata shi ma bai san abin da ke cikin injinsa ba. Ina son in same shi bayan sallar isha'i, amma ban san ta inda zan fara ba.

Malam Habu:
Kar ka je kai kaɗai, kuma kar ka yi masa maganar a gaban yaransa na shago. Ka biyo ta masallaci ka ɗauke ni, tare muka yi makarantar allo da yayansa. Ka taho da sunan gem ɗin a rubuce a takarda.